Kwamfuta na kukan fayil ɗin DLL ya ɓata ko ya lalace: sai an yi fomat?

Tambaya: Na saka wata manhajar tace bidiyo a kwamfutata mai Windows 10. Da na zo buɗewa sai ta ce ba ta ga VCRUNTIME140.dll ba. Na nemo fayil ɗin a wani shafin intanet, na sauke, na jefa shi cikin System32, sai ta koma nuna 0xc000007b. Yanzu kuma wani tsohon wasa da na saka yana cewa babu d3dx9_43.dll. Windows ɗin ne ya lalace? Fomat zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da maganar fomat. A duk abin da ka lissafa babu alama ko ɗaya da ke nuna Windows ɗinka ya samu matsala. Fayilolin nan biyu ba sa cikin abin da Windows ke zuwa da shi tun asali, don haka ko ka goge komai ka sake sabon zubi yau, gobe idan ka mayar da manhajar da wasan, saƙonnin nan za su dawo yadda suke. Abin da ya faru shi ne akwai ƙunshi biyu na Microsoft da ba a saka maka ba, sannan fayil ɗin da ka ɗauko da hannu ya ƙara dagula lamarin. Duk ukun suna gyaruwa cikin ƙasa da rabin awa.

Fayil ɗin DLL tarin umarni ne da aka rubuta sau ɗaya domin manhajoji da yawa su riƙa amfani da shi, kamar akwatin kayan aiki ɗaya da ma'aikata da dama ke ɗauka daga ciki. Mai rubuta manhaja ba ya zama ya ƙirƙiri yadda ake buɗe fayil ko zana hoto a allo daga tushe. Yana kiran wanda aka riga aka tanada. A cikin kowane fayil mai ƙarewa da .exe akwai jerin sunayen DLL ɗin da yake buƙata. Da ka danna shi, kafin layi ɗaya na manhajar ya fara aiki, Windows zai bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya yana nemowa. Ban da wasu 'yan fayiloli na tsarin Windows da ya riga ya san inda suke, yana fara dubawa ne a foldar da manhajar take, sannan System32, sannan foldar Windows, daga ƙarshe foldojin da aka jera a cikin PATH, wato jerin foldojin da aka saita wa Windows ya riƙa dubawa idan yana neman fayil. Idan ya rasa ɗaya, nan take zai tsaya ya faɗi sunansa. Ba lallai ne ya faɗi duk waɗanda babu a lokaci ɗaya ba. Wannan ne ya sa mai ɗauko fayil ɗaya-ɗaya ba ya gamawa: ya kawo VCRUNTIME140.dll, sai a tambaye shi MSVCP140.dll, ya kawo, sai a ce VCRUNTIME140_1.dll. Waɗannan duk 'yan ƙunshi ɗaya ne, tare ake saka su.

Saboda haka aikin farko a kowane irin wannan saƙo shi ne ka karanta sunan fayil ɗin da kyau, harafi da lamba, domin sunan ne ke gaya maka mai shi. Idan ka san mai shi, ka san inda za ka samo shi lafiyayye.

Wanda ya fara da MSVCR, MSVCP, VCRUNTIME, MFC ko VCOMP, galibi na ƙunshin Microsoft Visual C++ Redistributable ne, lambar da ke jikinsa kuma ita ce ke nuna shekara. Mai 80 na 2005 ne, mai 90 na 2008, mai 100 na 2010, mai 110 na 2012, mai 120 na 2013. Mai 140 kuwa, daga 2015 Microsoft ta haɗe su: na 2015, 2017, 2019 da 2022 duk ƙunshi ɗaya ne, sabon yana maye gurbin tsohon. Amma wannan haɗewar ba ta shafi na baya ba. Na 2022 ba ya biyan buƙatar manhajar da ke neman MSVCR120.dll, sai dai ka saka na 2013 ɗin da kansa. Shi ya sa za ka buɗe jerin manhajojin kwamfuta ka ga Visual C++ har guda goma ko fiye a jere. Mutane da yawa suna ganin maimaici ne, su goge tsofaffin don samun wuri, washegari manhajoji su fara faɗuwa. Ka bar su yadda suke. Wurin da suke ci bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda za ka yi da naka. Fara da cire wanda ka jefa. Shiga C:\Windows\System32 ka goge vcruntime140.dll ɗin da ka sa da hannunka, ka kuma leƙa foldar manhajar da C:\Windows\SysWOW64 ko ka ajiye wani kwafin a can. Shi kaɗai za ka goge, kada ka taɓa maƙwabtansa. Idan ya ƙi goguwa saboda wata manhaja na riƙe da shi, canza masa suna zuwa vcruntime140.old, wannan yakan yiwu ko ana amfani da fayil ɗin. Daga nan ka je shafin Microsoft kansa ka sauko da fayiloli biyu, vc_redist.x64.exe (na manhajoji masu bit 64) da vc_redist.x86.exe (na masu bit 32), ka saka duka biyun, sannan ka zaɓi Restart. Idan wajen sakawa ya ce 0x80070666, ma'anarsa akwai wata siga da ta riga ta zauna a kwamfutar. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta appwiz.cpl, nemo ƙunshin a jerin, zaɓi Change sannan Repair. Idan gyaran bai yi ba, cire shi gaba ɗaya ka sake saka sabon.

Dalilin da na ce duka biyun shi ne ainihin abin da ya jawo maka 0xc000007b, kuma nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Windows mai bit 64 yana iya tafiyar da manhaja mai bit 64 da mai bit 32, amma ba a cakuɗa su a cikin manhaja ɗaya. Manhaja mai bit 64 sai DLL mai bit 64, mai bit 32 sai nata. Sunayensu iri ɗaya ne sak, da ido ba ka bambanta su. Lambar 0xc000007b na nufin Windows ya samu fayil mai sunan da yake nema, ya buɗe, ya ga ƙirarsa ba ta dace ba. Ga kuma tarkon: a Windows mai bit 64, foldar System32 ta fayiloli masu bit 64 ce, SysWOW64 kuma ta masu bit 32. Sunayen suna nuna akasin abin da ke ciki. Mai yiwuwa mai bit 32 ka sauko ka sa a System32, manhajarka mai bit 64 ta ɗauka ta kasa haɗiyewa. Abin da ake dubawa wajen zaɓen ƙunshi shi ne bit ɗin manhajar, ba na Windows ba. Tsohuwar manhaja mai bit 32 a kan Windows mai bit 64 na x86 take so, ko ka saka na x64 sau goma ba za ta gan shi ba.

In kana son ka tabbatar da bit ɗin fayil ba tare da wata manhaja ta musamman ba, yi kwafinsa a wani wuri ka buɗe kwafin da Notepad. Za ka ga shirme ne zalla, amma haruffa biyu na farko dole su zama MZ. Ka ɗan sauka ƙasa ka nemo PE da manyan baƙaƙe. Idan harafin da ya biyo bayansa L ne, fayil ɗin mai bit 32 ne. Idan ƙaramin d ne da wata alama a gefensa, mai bit 64 ne. Rufe ba tare da ka adana ba. Idan kuma ka buɗe ka ga babu MZ a farko, ko shafin fari ne fat, ko girman fayil ɗin 0 KB, to wannan fayil ya lalace ne, zan zo kansa.

Shafukan da ke raba DLL ɗaya-ɗaya kuwa, shawarata ka daina shigarsu kwata-kwata. Ba ka san sigar da suka ba ka ba, ba ka san ko an taɓa cikinsa ba. DLL umarni ne mai aiki, daidai yake da .exe, duk manhajar da ta ɗauke shi, yana samun dukkan ikon da take da shi, har da na Administrator idan da shi aka buɗe ta. Wanda ka sa a System32 kuma ba manhaja ɗaya ce za ta ɗauka ba, duk mai neman wannan sunan za ta ɗauka. Sannan ba zai samu sabuntawar tsaro ba, tunda Windows bai san da zamansa ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka manhajojin da ke tallar za su gyara duk matsalar DLL da dannawa ɗaya, da masu cewa suna share rajista (Registry, inda Windows ke ajiye saitunansa): ba su da abin da za su ba ka wanda babu shi kyauta a wajen mai fayil ɗin, ɓarnarsu kuma ta fi gyaransu. Tunda ka riga ka sauko da ɗaya, bayan ka goge shi ka buɗe Windows Security ka yi Full scan.

Na wasan ya fi sauƙi. d3dx9_43.dll, da 'yan'uwansa irin su d3dx10_43.dll, d3dx11_43.dll, d3dcompiler_43.dll, xinput1_3.dll da x3daudio1_7.dll, tsofaffin sassan DirectX ne (kayan Microsoft da wasanni ke amfani da su wajen hoto da sauti) da ba sa zuwa da Windows 10 ko 11. Mutum zai ce ai DirectX 12 gare ni, ya fi 9. Gaskiya ne, amma 12 ɗin bai ƙunshi waɗannan ba. Abin da za ka nema a shafin Microsoft shi ne DirectX End-User Runtimes na watan Yunin 2010, sunan fayil ɗin directx_Jun2010_redist.exe. Ka kula da wannan: idan ka danna shi, ba sakawa yake yi ba, zazzage kayan cikinsa kawai yake yi a foldar da ka nuna masa. Sai ka shiga foldar ka danna DXSETUP.exe, shi ne mai sakawar. Da yawa suna tsayawa a matakin farko su ce bai yi aiki ba. Ba ya rage maka DirectX 12, ƙari yake yi a gefensa. Kafin ma ka je intanet, leƙa foldar wasan. Sau da yawa akwai wata mai suna Redist ko _CommonRedist da ke ɗauke da DirectX da Visual C++ ɗin da wasan ke so.

Tunda wannan matsala ba ta ƙarewa a fayil biyu, ga wasu sunayen da za ka iya cin karo da su nan gaba.

Idan suna irin na Visual C++ ya ƙare da harafin d kafin .dll, misali VCRUNTIME140D.dll, MSVCP140D.dll ko ucrtbased.dll, babu ƙunshin da zai kawo maka shi. Waɗannan na gwaji ne, suna zuwa da Visual Studio don masu rubuta manhaja. Wanda ya ba ka manhajar ya ba ka zubin gwaji ne bisa kuskure, shi za ka koma wa ya ba ka na fitarwa. api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll a Windows 7 ko 8.1 yana nufin ba a saka sabuntawar KB2999226 ba, wadda a Windows 7 sai da Service Pack 1 take shiga. api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll a Windows 7 kuwa ba ɓata ya yi ba, bai taɓa kasancewa a can ba, daga Windows 8 ya fara. Manhajar ce ta wuce zamanin kwamfutar, kamar yadda Python ta daina aiki a Windows 7 daga siga ta 3.9. Mafita ita ce tsohuwar sigar manhajar ko sabon Windows. mfplat.dll yakan ɓace a Windows mai harafin N a sunansa, maganinsa Media Feature Pack. nvcuda.dll, OpenCL.dll da vulkan-1.dll suna zuwa da direban katin hoto, sai a sake saka direban daga NVIDIA, AMD, Intel ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Visual C++ na 2005 da 2008 suna da nasu salon: maimakon su ce fayil ya ɓata, sukan ce "side-by-side configuration is incorrect". Buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakuran da suka faru, a sashen Application ka nemo saƙon SideBySide, zai rubuta VC80 ko VC90 da x86 ko amd64 (wato x64), ka san wanda za ka saka. Jefa msvcr90.dll da hannu a nan ba ya aiki, wani kuskuren mai lamba R6034 yake haifarwa.

Sunan da ba ya cikin waɗannan, irin su Qt5Core.dll, libcef.dll ko wani mai kama da sunan manhajar, na manhajar ne da kanta, ita ya kamata ta zo da shi a foldarta. Abu uku ke jawo ɓatansa. Ko dai an jawo .exe ɗin shi kaɗai zuwa Desktop maimakon a yi masa gajeriyar hanya, ya bar 'yan rakiyarsa a baya. Ko an buɗe shi kai tsaye daga cikin zip ba a warware ba. Ko an kwafo foldar daga Program Files na wata kwamfuta a filashi, alhali mai sakawa ne ke ajiye sauran kayan a wasu wurare. Duka maganinsu ɗaya: cire manhajar, sauko da mai sakawa daga shafin kamfaninta, saka ta daga farko.

Akwai kuma lokacin da fayil ɗin yana nan jiya, yau babu. A nan wanda ake fara tuhuma shi ne manhajar kariya. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, sannan Protection history, ka ga ko an killace shi. Idan manhajar daga amintaccen wuri ka samo ta, kana iya dawo da shi, ko da yake sake sakawa ya fi tsafta. Idan kuwa manhaja ce ko wasan da aka fasa, wanda aka ce ka kashe kariya kafin ka saka, to DLL ɗin da aka kama shi ne wanda masu fasawar suka sauya, kuma babu mai iya ba ka tabbacin abin da suka cusa a ciki. Ba zan ce ka dawo da shi ba. Wani mai kama da wannan shi ne akwatin RunDLL da ke fitowa duk sanda aka kunna kwamfuta, yana cewa an kasa buɗe wani fayil mai baƙon suna a cikin AppData ko Temp. Wannan galibi albishir ne: an kashe muguwar manhaja, saura umarnin da ke tada ta. Kada ka je neman fayil ɗin. Sauko da Autoruns na Sysinternals daga Microsoft, rubuta sunan a wurin bincike, za ka ga layin da launin rawaya, alamar fayil ɗinsa babu. Cire alamar da ke gefensa, duba Task Scheduler ma.

Saƙon da ke cewa "procedure entry point could not be located" labarinsa daban. An samu fayil ɗin, bit ɗinsa daidai, amma aikin da ake nema babu a cikinsa, wato siga ce ta daban, yawanci tsohuwa. Idan ya ambaci KERNEL32.dll ko wani na Windows, manhajar na son Windows da ya fi naka sabunta. Kada ka kuskura ka musanya KERNEL32.dll da na wata kwamfuta, taka tana iya kasa sake tashi. Idan wani DLL ne na daban, duba ko akwai tsohon kwafi a foldar manhajar ko a wata folda ta PATH da ake riska kafin a kai ga sabon. A Command Prompt, rubuta where da sunan fayil ɗin, zai jero maka kwafin da ke foldar da kake da waɗanda ke PATH.

Yanzu lalacewa ta gaske. Alamarta saƙon Bad Image mai lamba 0xc000012f ko 0xc0000020, ko manhajoji da yawa da ba su da alaƙa da juna su fara faɗuwa lokaci ɗaya, har da na Windows kamar Explorer da Settings. Idan fayil ɗin da aka ambata na Windows ne, akwai kayan gyara a ciki. Buɗe Command Prompt ta Run as administrator, da intanet a haɗe, ka rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Idan ya gama, sai:

sfc /scannow

Jerin yana da dalili. SFC yana gwada fayilolin Windows da kwafin da ke ajiye a foldar WinSxS, ya maye lalatacce da lafiyayye. Idan ma'ajiyar ce da kanta ta lalace, ba shi da inda zai ɗebo. DISM ne ke gyara ma'ajiyar ta hanyar Windows Update, shi ya sa yake gaba. Yakan tsaya cak a wajen kashi 62 cikin ɗari har ka zaci ya maƙale, ƙyale shi, kada ka rufe. Idan ya ƙare da 0x800f081f, bai samu inda zai ɗauko ba ne. Sai a nuna masa fayil ɗin install.wim ko install.esd daga ISO (fayil ɗin da ke ɗauke da kwafin faifan saka Windows) mai siga ɗaya da taka, ta ƙara /Source da /LimitAccess a umarnin. Idan SFC ya ce ya ga lalatattu amma ya kasa gyara wasu, sunayensu na cikin C:\Windows\Logs\CBS\CBS.log, a layukan da ke da alamar [SR]. Sake kunnawa ka maimaita, wani lokacin sai a zagaye na biyu yake kammalawa.

Amma ka san iyakarsa. SFC ba ruwansa da vcruntime140.dll, ko d3dx9_43.dll, ko fayilolin manhajar da ka saka. Na Windows kawai yake karewa. Zai iya ce maka komai lafiya alhali matsalarka na nan, kuma bai yi ƙarya ba. Haka umarnin regsvr32 da ake yawan ba mutane: wani rukuni ne kawai na DLL ke buƙatar rajista, irin tsofaffin .ocx. Idan ka gwada shi a kan na Visual C++ ko DirectX zai ce bai ga DllRegisterServer ba, wannan kuma ba alamar lalacewa ba ce, fayil ɗin ne ba a yi masa rajista tun can.

Abin da na fi so ka riƙe game da lalacewa shi ne fayil ba ya ruɓewa haka kawai. Sau ɗaya bayan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, ko an danne maɓallin kashewa da ƙarfi, wannan an san dalili. Amma idan ka gyara yau, bayan kwana kaɗan wani fayil daban ya lalace, to an kashe maciji ba a sare kansa ba: faifan ajiya ko RAM ne ke ɓata abin da ake rubutawa. Kafin kowane gwaji, kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, domin gwajin da ke karanta faifai gaba ɗaya yana iya ƙarasa wanda ke gargara. Sannan ka duba lafiyar faifan da manhaja irin CrystalDiskInfo. A faifai mai juyawa, layuka uku za ka sa wa ido: 05, C5 da C6, masu ƙirga sassan da suka mutu ko suke jiran mutuwa. Idan lambobinsu na ƙaruwa, sauya faifan, babu umarnin da ke warkar da shi. A Event Viewer, sashen System, saƙon Disk mai lamba 7 ko na Ntfs mai lamba 55 suna nuna hanya ɗaya. chkdsk C: /f yana gyara tsarin ajiyar fayiloli, /r kuma yana bin faifan gaba ɗaya, yana iya cin awanni. Na RAM, danna maɓallin Windows tare da R ka rubuta mdsched don gwajin da ke cikin Windows, ko ka yi amfani da MemTest86 daga filashi ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Idan sandar RAM biyu ce a kwamfutar, cire ɗaya ka gwada kowace ita kaɗai. Kuskuren ISDone.dll ko unarc.dll wajen saka manyan wasanni ma yawanci nan yake komawa, ko ga fayil ɗin da bai sauka daidai ba, ko wurin ajiya da ya cika. Ba DLL ɗin ne ya ɓata ba.

Wani lokacin saƙon ba ya faɗin suna, sai dai "The specified module could not be found", ko ya ambaci fayil ɗin da kake gani da idonka a foldar. A nan wanda aka ambata yana nan, wani da shi yake dogaro da shi ne babu. Process Monitor na Sysinternals ne ke tona wannan. Buɗe shi, sa matata ta Process Name da sunan manhajar, ƙara ta Path mai ƙarewa da .dll, sannan ka buɗe manhajar. Za ka ga NAME NOT FOUND da yawa, kada su tsorata ka, haka bincike yake daga folda zuwa folda. Wanda kake nema shi ne sunan da aka nema a ko'ina ba a taɓa samun SUCCESS ba. Nan kuma za ka ga daga wace folda aka ɗauko kowane fayil, abin da ke fallasa mai bit ɗin da bai dace ba. Tsohuwar manhajar Dependency Walker ta tsaya tun 2006, a sabon Windows tana jero ɗaruruwan fayilolin api-ms da ext-ms a matsayin ɓatattu alhali lafiyarsu ƙalau. Wadda ake kira Dependencies ta fi ta dacewa da yanzu.

Ga masu Linux, ciwon ɗaya ne, fayilolin ne ke ƙarewa da .so, saƙon kuma "error while loading shared libraries". Umarnin ldd da sunan manhajar zai nuna wanda aka rubuta wa not found. apt-file search a Debian da Ubuntu, ko dnf provides a Fedora, zai faɗi ƙunshin da ke ɗauke da shi. Idan kai ka ajiye shi a /usr/local/lib, gudanar da sudo ldconfig. Lambar ƙarshen suna tana da muhimmanci: manhajar da ke son libssl.so.1.1 ba za ta yi aiki da libssl.so.3 da Ubuntu 22.04 ke zuwa da shi ba, kuma yi wa sabon laƙabi da sunan tsohon gyaran gangar Auzinawa ne, sai dai a nemi sabon zubin manhajar. A Mac saƙon "Library not loaded" ne, otool -L ke nuna jerin, kuma sau da yawa sake saka manhajar ke warware shi.

Idan ka saka ƙunshin nan, DISM da SFC sun kasa, faifai da RAM kuma lafiya, har yanzu akwai mataki kafin fomat. Gwada System Restore da umarnin rstrui ka koma ranar da komai ke aiki. Idan babu ranar da aka ajiye, sauko da ISO na Windows daga Microsoft, danna shi sau biyu daga cikin Windows ɗin da ke aiki, buɗe setup.exe, ka zaɓi Keep personal files and apps. Wannan yana sake zuba fayilolin Windows gaba ɗaya ya bar maka manhajoji da takardunka. Kada ka tada kwamfutar daga filashi don wannan aikin, ta can zaɓin ba ya samuwa. ISO ɗin kuma dole harshensa da bit ɗinsa su yi daidai da na Windows ɗin da ke kai, sigarsa kada ta gaza taka, in ba haka ba za ka tarar zaɓin ajiye manhajoji a dushe, ba ya dannuwa. Ka tanadi wuri kamar gigabait 20 a faifan C, ka jona caja idan laftof ce, ka kuma yi kwafin ajiya kafin ka fara.